Taki Biyu a Sandar Awo

"Karanto min abin da ya ce," in ji Malam Usaini, ya jawo kujerar roba kusa da teburin 'yarsa.

Zaituna ta ɗaga murya, domin shagon buga takardun da take aiki yana bakin hanyar kasuwar kifi ta Haɗeja, ga janareta ga hon ɗin a-daidaita-sahu. Tun safe mahaifinta yake magana, ita kuma tana shigarwa a kwamfuta, mataimakin nan na cikin kwamfuta da ake kira Eyai yana shirya zancen. Malam Usaini ya ƙi wannan sunan, ya sa masa Akawu.

"Ya ce: 'Baba, akwai wuri guda da ban gane ba. Da farko kun ce a buɗe ƙofa idan ruwa ya kai mita biyu a jikin sandar awo. Da kuna ba da labarin bara kuma, kun ce kun buɗe ranar da guza ya hau reshe. Wanda zai karɓi aikin, wanne zai bi?'"

Malam Usaini ya cire hula ya leƙa cikinta.

"Wa ya ce ki sa masa maganar guza?"

"Kai ka ce duk abin da ya fito daga bakinka in rubuta, Baba."

Shekara talatin da ɗaya yana tsaron wata ƙofar ruwa a gefen kogi. Aikin ba shi da yawa, amma ba ya son kuskure. Idan ruwa ya cika aka makara, jinga ta fashe. Idan aka yi gaggawar buɗewa, ruwan ya malale fadamar Garin Kawu, ya shanye shinkafar gida sittin a banza. Ranar Litinin zai ajiye aiki. Shugaban ofishinsu, Injiniya Yelwa, ya ce ya kawo takardar miƙa aiki yau Alhamis kafin a tashi, saboda Shu'ibun da zai gaje shi daga Birniwa aka turo shi, bai taɓa ganin cikar kogi ba sai a waya. Abin da ke takardar shi zai bi, harafi da harafi.

Malam Usaini a aji huɗu ya bar makaranta, amma yana son manyan kalmomi kamar yadda wasu ke son turare. Ya zo ne da niyyar a yi masa takarda mai "bisa la'akari" da "kamar yadda doka ta tanada". Akawu ya yi masa su. Ya raba aikin kashi-kashi: yadda ake shafa wa ƙarfen ƙofa giris, sau nawa ake juya sitiyari, ranar da ake sare kacallar da ke toshe bakin ruwa. Har Malam Usaini ya fara jin ashe shi babban ma'aikaci ne bai sani ba. Sai ga wannan tambaya.

"Ki ce masa mita biyu. Guza hira ce."

Ta rubuta. Amsa ta fito nan take.

"Ya ce to. Amma wai a littafinka na awon ruwa da na ɗauki hotonsa, bara ka rubuta mita biyu ranar sha huɗu ga wata, kuma ɗazu ka ce tun sha ɗaya ruwa ya rufe lamba biyu. Yana tambaya ko shi ne ya karanta ba daidai ba."

"Wannan Akawu naki, ɗan sanda ne ya haife shi?"

Zaituna ta yi dariya, amma da ta dubi fuskarsa sai ta daina.

Ya daɗe yana kallon wata mata da ke ɗora kwalin bandar tarwaɗa a bayan babur. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya tambaye shi. Injiniyoyi huɗu sun zo sun tafi, kowa ya sa hannu a littafin bai karanta ba.

"Rubuta," ya ce a hankali.

Ya faɗa duka. Shekarar wata babbar cika, shekara goma sha ɗaya ke nan, ya ɗaure jirginsa a jikin sandar awo, abin da aka hana. Ruwa ya ja jirgin, sandar ta karkace. Don kada a gani, ya ari taɓaryar matarsa ya daddoke kan sandar har ta miƙe, amma ta nutse cikin laka da taki biyu na hannu. Tun daga ranar sandar take ƙarya: in ta ce mita biyu, da saura. Shi kuwa ya koma duba tsohuwar tsamiyar da ke bakin jinga. Akwai guza a raminta. Ranar da ruwa ya taɓa babbar saiwa, guzan yakan fito ya hau reshe na biyu ya kwanta kamar mai jiran mota. Ranar ce mita biyu ta gaskiya, kuma ranar yake rubutawa a littafi.

"Guza ɗaya ne shekara goma sha ɗaya?" in ji Zaituna.

"Wannan tambayarki ce ko tasa?"

"Tawa ce. Shi cewa ya yi takinka santimita nawa ne."

Ta ɗauko rula, ya baje hannunsa a kan tebur, ta auna daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Ashirin da biyu. Akawu ya rubuta sakin layi guda ƙarƙashin kan magana mai cewa GARGAƊI: sandar ta nutse da kusan santimita arba'in da huɗu, kada a buɗe sai ta nuna biyu da arba'in da huɗu, a tabbatar da saiwar tsamiya, kuma a sake kafa sandar da rani. Ya tambaya ko a cire yadda aka yi ta nutse.

"A bari," in ji Malam Usaini. "Har taɓaryar. Guzan ma a sa shi, ya yi wa gwamnati aiki."

Bayan azahar ya shiga ofis da takarda shafi biyar a cikin leda. A hanya ya riga ya shirya yadda zai tsaya idan aka kira shi maƙaryaci a gaban masinja.

Injiniya Yelwa ya karanta shafin farko yana gyaɗa kai.

"Baba Usaini, wannan ai ta fi ta wasu masu digiri. Wa ya yi maka?"

"Ni da Akawun cikin kwamfuta, ranka ya daɗe."

"Na sani!" Ya ci gaba da juyawa. A shafi na huɗu ya tsaya, ya gyara tabarau, sai ya fashe da dariya har da buga tebur. "Ka gani? Abin da nake gaya wa mutane ke nan. Waɗannan na'urori in ka sake musu sai su ƙirƙiro maka abin da ba a taɓa yi ba. Taɓarya! Guza a reshe na biyu!"

"Ranka ya daɗe, ni na faɗa masa. Haka aka yi."

"Haba Baba. Shekara talatin littafinka tsaf, jinga ba ta taɓa fashewa ba. Kada ka ɗauki laifin kwamfuta don kunya." Ya zaro jan biro ya ja layi biyu a kan GARGAƊI, ya buga hatimi, ya sa hannu. "Sauran duk daidai ne. Gobe zan ba Shu'ibu. Ka gaishe min da guzan."

Malam Usaini ya fito ya tsaya a inuwar darbejiya. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana tsoron ranar da za a ji, bai taɓa kawowa za a ji a ƙi yarda ba. Ya tuna shinkafar Garin Kawu, bana ta yi kyau, ta fara ciki.

Ya bi ta wajen masu fenti ya sayi ƙananan gwangwanayen fenti, fari da baƙi, da buroshi, ya hau babur zuwa ƙofar ruwa. Rana ta yi sanyi. Ya tura jirgi har gindin sandar, wannan karon ya ɗaure shi a jikin kacalla. Ya shafe tsofaffin lambobin da fari, ya jira ya sha iska. Sannan ya auna taki biyu sama da inda kowace lamba take, ya zana ta da baƙi. Biyunsa ta fito kamar agwagwa, amma biyu ce.

Guzan ya leƙo daga gindin tsamiya, ya dube shi, ya koma.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Zaituna ce.

"Baba, yaya? Sun karɓa?"

"Sun karɓa. Ki gaya wa Akawu an gyara."

"Takardar?"

"A'a, takarda ai an buga mata hatimi," in ji Malam Usaini, yana goge buroshi a jikin jirgi. "Sandar."