Rijiyar da Dado ya yafe

Tun rasuwar ubansu, Dado da ƙanensa Mukhtar suke ja-in-ja a kan rijiyar da ke gefen Falanko. Dado ne ya yashe ta, ya ɗaure bakinta da siminti. Mukhtar kuwa shi ke zama a gindinta yana sayar wa makiyaya ruwa. Magana ta kai gaban maigari, kowa kuma ya san Dado ke da gaskiya, hukunci kawai ya rage.

Sai tafiya Makka ta taso. Dado ya sayar da geron da ya yi shekaru yana tarawa, ya biya kujera. Liman ya tuna masa cewa ba a zuwa ɗakin Allah da ɗan'uwa a ƙulle a zuci. Ran Juma'a bayan salla, Dado ya miƙe a gaban jama'a ya ce ya yafe, rijiya ta zama ta Mukhtar. Aka yi kabbara. Mukhtar har da share ido da gefen rawani.

A filin jirgin Yamai aka ce jirgi yana hanya. Daga baya aka ce ana yi masa ɗan gyara. Maniyyata suka shimfiɗa tabarmi suka ci guzurinsu har ya ƙare, kafin su ji cewa masu bin kamfanin bashi sun riƙe jirgin a wata ƙasa.

"Baba, kamfani ya yi fayit," in ji wata ma'aikaciya, wadda ita ma ta manta rabonta da albashi.

"Wace cuta ce wannan, 'yata?" in ji Dado.

"Ya karye, Baba."

"To ina mai shi?"

Mai shi ya riga ya bar ƙasar, a jirgin wani kamfani, domin shi mutum ne mai hankali.

Dado ya dawo a mota ta Damagaram da Tanut, haraminsa na cikin leda ko warware shi bai yi ba. Gida babu gero, damina da saura. Washegari ya tarar da Mukhtar a bakin rijiya yana jan guga wa wasu Buzaye.

"Yaya, sannu da hanya. Alhaji za mu ce ko mu ɗan dakata?"

"Maganar rijiyar nan. Ka ga ai tafiyar ba ta yiwu ba."

Mukhtar ya ajiye guga, ya ɗaga murya yadda Buzayen za su ji.

"Yaya, tambaya ɗaya. Yafiyar nan, don Allah ka yi ta ko don jirgi?"

Dado ya dubi raƙuma, ya dubi simintin da ya zuba da hannunsa. Amsa ɗaya ce musulmi zai iya bayarwa a gaban mutane.

"Don Allah."

"Madalla. Kana iya ɗiban na alwala kyauta."

Da azahar Dado yana zaune a zaure, rediyo ya sa muryar mai kamfanin daga inda yake hutawa. Cikin ladabi ya ce ƙaddara ce, yana roƙon bayin Allah maniyyata su yafe masa.

Matarsa Kaltuma, da ta kawo masa fura, ta tsaya tana dubansa. Dado ya jawo rediyon kusa da bakinsa.

"Ban yafe ba," in ji shi. "Yafiyar da nake da ita na riga na bayar."