Hisabin Sittana

Tun da soja suka ce a mai da karatun jami'a Larabci, sunan karatun Sittana ya koma "handasa hisabiyya", wato injiniyanci na lissafi. Unguwarsu a Omdurman kuwa hisabi kawai ta ji. Kubra maƙwabciya ta shigo da turare, wai a duba mata ko mijinta na Jidda ya ƙara aure.

Kakanta Labaran, wanda ya riƙe ta, ya kira ta.

"Ke, duba kike koyo?"

"Haba, tsohon miji! Lissafi muke ba kwamfuta, ta faɗa mana inda gini zai karye kafin a gina shi."

"Kafin a gina? Ai duban ke nan. Larabawa na cewa kowane Bahaushe faki ne, malamin duba, ke kuma za ki kawo musu takardar shaida. Daga yau kin bar jami'a."

Washegari ya ɗaura rawani, ya tasa ta gaba, suka ƙetare gada zuwa Khartum don ya karɓo takardunta. Malaminta, Ustaz Jibrin, ya roƙe shi ya zauna. Ya zauna a bakin kujera, kamar mai gudun najasa.

Sittana ta fito da zanen ƙarafan rufi a fuskar kwamfuta, ta ɗora musu nauyi. Labaran ya leƙa ba da son ransa ba. Shekara arba'in ya yi yana walda a Bahri.

"Wane jaki ya haɗa wannan? Nan zai ɓalle." Ya dangwala yatsa a gilashin.

"Bari ta lissafa, ya Haj," in ji Jibrin.

Kwamfutar ta yi ta gurnani. Wuta ta ɗauke, aka jira, aka sake daga farko. Sai bayan shayi biyu wani wuri ya yi ja, daidai inda maiƙon yatsansa yake.

"Ashe boka ne ya rene ni," in ji Sittana. "Kai ma ka san gaibu?"

"Rufe bakinki. Wannan sanin ƙarfe ne."

"To, takardun fa, ya Haj?" in ji Jibrin.

Labaran ya miƙe, ya harari na'urar.

"Aljani bai kai haka daƙiƙanci ba. Yaron shagona da ya yi wannan nawar, da ya sha mari. Ku bar Sittana ta zauna. Wannan abu na buƙatar mai koya masa."