Sunan da Umma Ba Ta Faɗa

Ƙungiyar su Inaya ba ta shirya waƙa kafin ta hau dandamali, kuma da wannan suke taƙama. Mai ganga ya buɗe, Inaya ta ɗora jitar bass a kai, sauran su biyo, sai inda kiɗa ya kai su. A fara da funk mai hana ƙafa zama, a gangara soul, can Margaret ta danna ogan ya yi ta shawagi kamar mafarkin mai zazzaɓi. A Manchester an san su, musamman a Hulme inda suke gwaji a wani tsohon gareji mai yoyo.

Ƙa'idarsu ɗaya ce tak, kuma mawaƙinsu Jedidiah ne ya ƙirƙiro ta, Allah ya shirye shi. Duk garin da suka je, in wani cikinsu yana da ɗan'uwa a taron, sai Jedidiah ya diro da makirufo ya je gabansa. Kiɗa ya tsaya a kan layi ɗaya yana juyawa, ba gaba ba baya, har sai ɗan'uwan ya ƙwala sunan ɗan ƙungiyar da ƙarfi. Sannan a bar wa mai sunan fili ya nuna gwanintarsa shi kaɗai. Turawa suna son abin nan kamar me. Kakar Margaret ta taɓa yi a Salford, har da kukanta.

Ranar wata Asabar aka gayyace su bikin unguwa a wani filin shaƙatawa a Aston, cikin Birmingham. A mota, suna kan hanyar Birmingham, Jedidiah ya waiwayo ga Inaya baki har kunne.

"Yau garinku za mu. Wa zai zo miki?"

"Ba kowa," in ji Inaya.

Ba ƙarya ta yi ba. Ta dai kira mahaifiyarta, Hajiya Raki, a unguwarsu Small Heath, ta gaya mata wurin. Umma ta ce "To," ta shiga tambayarta ko mai gidan da take haya ya gyara mata hitar ɗumama ɗaki. Tun da Inaya ta watsar da karatun haɗa magunguna a jami'a ta rungumi jita, Umma ba ta taɓa ganin ta tana kiɗa ba, ko maganar ba ta ɗagawa. Sai a daɗe ba a ji juna ba. In Inaya ta je gida da Sallah, a ci abinci, a yi hirar sanyi da tsadar kaya, ta kama hanya.

Akwai kuma abin da Inaya ba ta taɓa gaya wa 'yan ƙungiyar ba, don ta ina ma za ta fara? Ita ce 'yar fari, kuma Umma da alkunyarta ta zo ƙasar nan, ba ta bar ko ƙwaya a Yola ba. Tunda aka haifi Inaya, Umma ba ta taɓa furta sunanta ba. "Ke." "Yarinyar nan." In da ƙanne take magana, "yayarku." Ko a gaban likita sai dai ta nuna ta da hannu. Inaya ta san al'ada ce, an yi mata bayani tun tana firamare, an ce ai ba ƙi ba ne. Kanta ya gane, amma zuciyarta ba ta taɓa yarda ba. Abin yana ci mata rai, tana jin yadda Umma ke kiran ƙanwarta Aliya da baki cike.

La'asar ta yi kyau, rana ta fito, yara na guje-guje a ciyawa. Sun yi nisa, kiɗa ya yi daɗi, Inaya ta lumshe ido tana gyaɗa kai. Buɗewar da za ta yi sai ga Umma. Tana tsaye can gefe kusa da mai sayar da shayi, da atamfarta ta fita unguwa, da mayafi, da kot a kai, ta rungume jaka a ƙirji kamar mai jiran bas. Ita kaɗai ta zo.

Yatsan Inaya ya zame, ta buga wata ɓaraka da ba ta taɓa yi ba. Jedidiah ya juyo, ya bi idonta da kallo, ya ga matar, ya sake kallon Inaya. Fuskar ɗaya ce, ba sai an gaya masa ba. Ya ɗaga hannu sama ya kewaya yatsa, alamar a tsaya a kan layi.

Inaya ta girgiza masa kai, ta sake girgizawa. Ina! Shi a zatonsa kunyar 'yan mata ce. Iyayensa mutanen Jos ne, amma a Manchester aka haife shi, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunan abinci ba. Ya diro daga dandamali, mutane suka dare masa hanya, ya je ya ɗan rusuna.

"Sannu Mama!" Muryarsa ta cika filin. Ya juya ga jama'a da Turanci: "Ga mahaifiyar mai bass ɗinmu! Ba za mu motsa ba sai ta faɗi sunan 'yarta. Mama, say her name!"

Ya miƙa makirufo saitin bakinta. Umma ta kalli abin, ta kalli ƙasa.

Layin ya zagayo, ya sake zagayowa. Mai ganga yana riƙe, Margaret ta danne ogan da sauti ɗaya mai tsawo. Jama'a suka fara tafi suna maimaita maganar Jedidiah, da dariya, da fatan alheri, ba wanda ya san abin da suke nema daga matar nan. Wayoyi suka tashi sama. Umma ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Inaya ta san wannan tsayuwar. Saura kaɗan ta juya ta bi ta ƙofar fili ta hau bas, kuma wallahi in ta tafi a haka, an kunyata ta a bainar jama'a ranar da ta sauke girmanta ta zo, ba za ta sake zuwa ba har abada. Ɗan zumuncin da ya rage a tsakaninsu ma ba lallai ya kai wata Sallah ba.

Kuma maganin yana hannun Inaya. Bass ne ke riƙe da layin. In ta sake shi ta shiga nata kiɗan, dole kowa ya biyo, an wuce wurin. Ta sani sarai, amma ba ta sake ba. Gaskiya ɗaya ce, so take ta ji. Sau ɗaya dai, ko da an matsa wa Umma ne, ko da a gaban duk Birmingham ne. Ta ci gaba da juya layin, yatsunta na zufa, tana jin haushin kanta, tana kuma ƙara wani zagayen.

Tafin ya fara sanyi. Wasu suka fara kallon juna. Murmushin Jedidiah ya bushe, sai yanzu ya sha jinin jikinsa, amma ya rasa yadda zai janye hannu.

Sai Umma ta ɗago. Ba ta kalli Jedidiah ba, ba ta kalli jama'a ba, Inaya ta kalla, ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. Ta sauke mayafin daga bakinta. Ta matso da fuska kusa da makirufo, ta ja numfashi, numfashin ya fito ta lasifika.

Kai, Inaya ba ta iya ba. Ganin uwarta tsaye ana tuɓe mata abin da ta riƙe tun kafin ta san ƙasar nan, don kawai 'yarta ta ji daɗi, ya fi ƙarfinta. Ta take fedar ƙara sauti, ta maka wa igiyoyin jitar hannu. Bass ya yi wani irin ruri har kwanon rumfar mai shayi ya amsa. Mai ganga ya biyo a guje, Margaret ta saki ogan, jama'a suka ɓarke da ihu suka juyo ga dandamali. Ba wanda ya sake kallon matar mai mayafi. Inaya ta yi ta bugawa kanta a sunkuye, ba ta yarda ta duba gefen nan ba, don tana tsoron ta ga wurin babu kowa.

Da suka sauka, Jedidiah ya taho yana ba da haƙuri. Ta wuce shi, jita a kafaɗa, ta zagaya bayan rumfa.

Umma na nan. Ta samu kujerar roba ta zauna, jaka a cinya.

Inaya ta durƙusa a ciyawa. "Umma, ki yi haƙuri. Bai sani ba. Laifina ne, da tun farko na..."

"Ke," in ji Umma, tana kallon wani wuri daban. "Ai na faɗa."

Inaya ta ɗago kai ta kalle ta.

"Na faɗa. Ke kika rufe shi da wannan ƙarar taki. Ba kuma zan sake ba."

Hawaye suka ɓalle wa Inaya, na baƙin ciki da na daɗi a haɗe. Ta dafa gwiwar Umma, Umma ba ta ture hannun ba.

"Share fuskarki, mutane na kallo," in ji Umma. Ta gyara mayafi. "In za ku sake zuwa, ki gaya min da wuri. Kuma ki ja wa yaron nan kunne."