Bitar da Malami Ya Faɗi

Lasisin Sista zai mutu ƙarshen wata, kuma ma'aikaciyar jinyar da lasisinta ya mutu ba ta taɓa majinyaci, ba ta kuma taɓa albashi. Kafin a sabunta shi sai ta nuna makin ƙarin ilimi, kowane maki da shaidarsa. Ta yi kwas a waya, ta buga satifiket ɗin. Ta koyar da sababbin ɗauka, shugabar sashe ta sa mata hannu. Ta karanta mujallun aiki ta rubuta abin da ta fahimta, har da wanda ba ta fahimta ba. Da makin ya rage kaɗan ya cika, sai ta shiga bitar yini ɗaya a kan farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya.

A ɗakin taron an shimfiɗe mutum-mutumin roba a ƙasa. Malamin bitar, wani dattijo mai tumbi, ya durƙusa yana nuna inda ake danna ƙirji. Can sai ya dafe nasa ƙirjin, ya kife kusa da robar. Jama'a suka ci gaba da rubutu, don sun ɗauka cikin darasin ne. Sista ta dubi leɓensa ta ga ya canza launi, ta tsallake kujeru ta hau danna masa ƙirji. Ta karya masa haƙarƙari, amma dai ya dawo, kuma ita ta raka shi asibiti.

Da ta kai fayil ɗinta ofishin lasisi, jami'in ya bi shi shafi-shafi yana lasar yatsa.

"Sista, ina satifiket ɗin bitar?"

"Ranka ya daɗe, mai bayarwar ne ya faɗi."

"Allah ya ba shi lafiya. Ga takardar halarta nan an aiko mana. Na ga sa hannunki na shiga, ban ga na fita ba."

"A motar asibiti na fita."

"To, kin gani. Mu a wajenmu har yanzu kina cikin ɗakin."

"Yallaɓai, abin da aka tara mu a koya mana shi na yi, a kan mutum mai rai."

Ya juya ya karanto mata daga allon da ke bayansa. "Akwai bita, akwai kwas, akwai karatu, akwai koyarwa. Wannan da kika yi aiki ne. Aiki ba ya cikin ƙarin ilimi."

Ta hau tattara takardunta, don ba ta saba kuka a gaban tebur ba. Shi ma jami'in ba mugu ba ne. Ya ɗaga waya ya nema mata gurbi a bitar da za a maimaita kafin wata ya ƙare, har ya ja mata kunne kada ta bar ɗakin komai ya faru.

Ranar maimaici ta sa hannu tun kafin ta ajiye jaka. Wata matashiyar malama aka turo. Ta tsaya a kan robar ta dubi ɗaki.

"Akwai wanda ya taɓa yi wa mutum na gaske?"

Hannun Sista ya ɗagu zuwa kafaɗa, ya tsaya.

"Malama, in an taɓa, ana rubutawa?"

"A'a, tambaya ce kawai."

Sista ta sauke hannunta, ta shiga layin masu jiran robar.