Ƙamshin Alewa a Motar Neville

Tun ranar da likita ya gaya wa Neville yana da ciwon suga, yayata Glenys ta koma 'yar sanda a cikin gidanta. Ta kwashe zuma, ta kwashe jam ɗin shafa wa burodi, ta rarraba wa maƙwabta gwangwanayen biskit. Neville mijinta ne, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana askin tumaki daga wannan gona zuwa waccan a kewayen garinmu Cooma. Duk rumfar askin da ya yi aiki an san shi da saurin hannu, an kuma san shi da shayin da cokali zai iya tsayawa a tsakiyarsa saboda yawan suga. Ya yi ƙorafi, ya yi fushi, har ya yi yajin magana na yini guda, amma ya bi doka. Ni shaida ne, don gidana yana kallon nasu, kuma tun da matata ta rasu yawancin abincin rana a wurinsu nake ci.

Ana nan watan Yuni ya shigo da sanyinsa, don a ƙasar nan lokacin ne hunturu. Da safe sai ka ga ciyawa ta yi fari fat, ruwan kwanon kare ya daskare. Neville ya fara kunna hita a tsohuwar a-kori-kurarsa, wadda ya fi lallaɓawa fiye da gwiwoyinsa.

Wata Lahadi suna dawowa daga coci sai na ji muryar Glenys tun kafin motar ta gama tsayawa.

"Col! Zo nan ka shaƙa mini wani abu!"

Na tsallaka titi da silifas ɗina. Ta buɗe ƙofar motar ta tura kaina ciki kamar za ta yi mini wanka.

"Me ka ji?"

Na shaƙa. Ƙamshi ne mai zaƙi, irin na sugan da aka narka a tukunya ya fara kamawa.

"Alewa nake ji, Yaya."

"Ka ji ko?" Ta juya ga mijinta. "Neville Pritchard, ina ka ɓoye su?"

"Ɓoye me?"

"Kada ka raina mini hankali. Motar nan tana ƙamshi kamar shagon kek."

"To ki bincika mana, ranki ya daɗe, mai shari'a. Rabona da alewa tun kafin Ista."

Ta kuwa bincika. Ta zazzage akwatin gaban mota, ta ɗaga kujeru, ta leƙa bayan tayar ko-ta-kwana, har cikin takalman robarsa na kamun kifi ta zura hannu. Abin da ta samu: tsohuwar safa ƙafa ɗaya, ƙugiyoyi, da wani tabarau da ya ɓata tun bara. Ana cikin haka karensu Patch ya yi tsalle ya shige, ya kafa hanci a kan shimfiɗar ƙasa ta gefen fasinja yana neman lasa. Glenys ta finciko shi da wuya.

"Ka gani? Ko kare ya san akwai zaƙi a nan. Fita, munafuki, kai ma bakinku ɗaya."

Daga ranar ta hana Patch shiga gaban mota, ni kuma ta ba ni aiki. Duk inda Neville zai je in bi shi, in dawo in ba ta labari. Ban ƙi ba, don wadda take ciyar da kai ba ka yi mata gardama a kan ƙaramin abu.

Neville ya gane tun fitarmu ta farko.

"Sannu, ɗan leƙen asiri. Nawa take biyanka, ko da romon rago ne?"

"Ni rakiya kawai na zo, tsoho."

"Rakiya! Da can da nake roƙonka ka taya ni ɗaukar itace, bayanka ne yake ciwo."

Muka je kasuwa, muka je gidan mai, muka biya ta wurin abokinsa mai sayar da kayan kamun kifi. Bai sayi ko cingam ba. Amma da ya kunna hita sai ƙamshin ya taso, gilashin gaba ya yi wani hazo mai maiƙo, in ka goge da hannu sai ya ƙara dagulewa. Da muka dawo gida na cire takalmi, na ji dugadugin safata ya jiƙe, yana danƙo. Na kai wa Glenys safar kamar yadda ake kai wa alƙali hujja.

Ta taɓa, ta sansana, ta gyaɗa kai.

"Ruwan zaƙin da ake zuba wa fanke ne. Ya zubar a ƙasa, ya kasa gogewa. Yanzu har da kwalba yake sha?"

Hukuncin da ta yanke ya yi tsauri. Ta hana shi zuwa kasuwar Asabar, inda matan gari suke baje kek da fanke a kan tebura. Neville ba ya saya, amma yana son ya tsaya kusa ya shaƙi iska yana hira da tsofaffin abokan aikinsa. Ranar ya zauna a baranda da bargo a gwiwa, yana kallona ta tsallaken titi kamar ni na kashe masa rago. Abin ya fara damunsa da gaske. Ya ce mini, "Col, zaƙin da aka hana ni bai yi mini ciwo ba kamar a ce matata ba ta yarda da maganata." Ni kuwa sai na ce masa sanyi ya yi yawa bana.

Gaskiya ta fito ne a hanyar garin Adaminaby. Mun tashi mu uku za mu kai wa wata ƙawar Glenys itacen hura wuta, Patch yana baya a kan itacen. Muna hawan wani tudu sai allurar da take nuna zafin inji ta fara tafiya sama, ta wuce tsakiya, ta doshi ja. Hitar da take hura mana ɗumi ta koma hura sanyi. Neville ya gangara gefen hanya ya kashe inji. Ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto, Glenys ta doke hannun.

"So kake ka dafa fuskarka? Bari ta huce!"

Muka kira Zlatko, bakaniken da yake duba motocin rabin garin. Ƙato ne mai gashin baki, mahaifinsa yana cikin waɗanda suka zo daga Turai haƙa ramukan madatsun ruwa a duwatsun nan. Ya ja mu zuwa garejinsa. Ko bonet bai buɗe ba, ya zura kai ta taga ya shaƙa sau ɗaya, ya shafa shimfiɗar ƙasa ya murza yatsunsa.

"Tun yaushe take wannan ƙamshin?"

"Tun da wannan bawan Allah ya fara shan zaƙi a ɓoye," in ji Glenys.

Zlatko ya yi dariya har sai da ya dafa ƙofar motar.

"Uwar gida, in dai wannan yake sha, da tuni mun binne shi. Ruwan lagireto ne. Akwai wani ƙaramin lagireto a bayan dashbod, shi yake ba hita zafi. Ya huje, yana ɗiga a ƙafar fasinja. Haka ruwan yake, ƙamshin alewa gare shi, amma guba ne. Kare ya lashi kaɗan, ƙodarsa ta tafi."

Glenys ta dafe ƙirji ta juya tana neman Patch. Nan take ta sa aka kira likitan dabbobi a waya, ta ba shi labari tun daga farko. Da ya ji cewa karen bai kai ga lasa ba, kuma tun ranar bai sake shiga gaban motar ba, ya ce ta kwantar da hankalinta. Ta durƙusa ta rungume Patch tana ce masa yaron kirki.

Neville yana tsaye, hannaye a aljihu.

"Kare ma an wanke shi," ya ce wa Zlatko. "Ni ina layi."

Da Zlatko ya zare ƙaramin lagireton bayan kwana biyu, ya kira mu mu gani. Cikinsa ya cika da wani abu ruwan ƙasa mai kauri kamar kunun da ya kwana.

"Nev, me kake zuba wa motar nan?"

"Abin da ya samu. Wani lokaci kore, wani lokaci ragowar na maƙwabci. In babu, ruwan tanki."

"Ruwan tanki! A Cooma! Ka gode wa Allah bai daskare ya fasa maka inji ba. Kuma ba a haɗa iri biyu, wasu in suka gamu sai su kama jikinsu su toshe hanya, su bar ƙarfe yana tsatsa. Na sa sabon ƙaramin lagireto, na wanke motar tas daga ciki. Yanzu sai mu zuba wanda ya dace, iri ɗaya tak."

Ya kai mu gaban kanta inda jarkoki suke jere: kore, shuɗi, ruwan hoda, rawaya, da wani ja mai duhu. Glenys ta nuna ruwan hodar ta ce ya fi tsabta a ido. Neville ya rungumi shuɗin kamar jariri.

"Wannan. Kalar jiharmu."

"Ba riga kake saya ba," in ji Zlatko. "Kalar rini ce kawai, kowane kamfani da abin da ya ga dama. Abin da aka haɗa a ciki ake dubawa, a ga ko ya dace da irin ƙarfen injinka. Juya bayan jarkar ka karanta."

Neville ya sa tabarau ya karanta a hankali, leɓensa yana motsi. Shuɗin ba na irin motarsa ba ne. Ya ɗauki koren, shi ma a'a. Ya tsallake jan ya ɗauki rawayan. Zlatko ya ɗauko jan da kansa ya ajiye masa a gaba.

Sai ka san Neville kafin ka gane girman masifar. Duk shekara in an zo wasan ƙwallon rugbi tsakanin jiharmu da jihar Queensland, shi ne mai ihun da ake ji har ƙarshen layi. 'Yan Queensland kuwa ja mai duhu suke sawa. Ko tawul mai wannan kalar ba ya shiga gidansa.

"Ba za a zuba wa motata wannan ba."

"Shi ne nata."

"To a sa shuɗi kaɗan a kai, ya kashe kalar."

Zlatko ya ɗauko tsohon lagireton ya girgiza shi a gaban hancinsa, kunun nan ya ɗigo a kan takalminsa.

"Wa zai gani, tsoho?" na ce. "A cikin inji yake."

"Ni zan sani! Duk tudun da na hau, zan san Queensland ce take tura ni."

"Ba tura ka take yi ba," in ji Zlatko. "Aikinta ta sha zafi a madadinka, ta yi ta zagaye ba hutu, kai kana zaune kana jin ɗumi."

Neville ya juya maganar a ransa. Sai fuskarsa ta washe.

"Wato bauta za ta yi mini."

"Dare da rana."

"Zuba. Cika ta har wuya."

Zlatko ya gauraya shi da tataccen ruwa rabi da rabi, ya zuba, ya bar injin yana aiki har iska ta gama fita. Ya ce wa Neville in ya ga ruwan ya ragu ya dawo a duba, kada ya je yana roƙon ragowar maƙwabta. Muka shiga mota, aka kunna hita. Ɗumi ya taso, babu ƙamshin komai sai na sabuwar shimfiɗa.

Neville bai tayar da motar ba. Ya ɗora hannaye a kan sitiyari yana kallon gaba.

"Ina jira," ya ce.

"Jiran me?" in ji Glenys.

"Kin sani."

Ta gyara zaman jakarta a cinya, ta leƙa ta taga, ta ce da ƙaramar murya, "To, ba kai ba ne."

"Ban ji ba. Hitar nan tana da ƙara."

"Na ce ba kai ba ne, Neville! Na zarge ka a banza. Ka yi haƙuri." Ta ɗora hannunta a kan nasa. "Tsoro nake ji kada wani abu ya same ka, shi ke nan."

Ya kama hannun ya riƙe, kunnuwansa suka yi ja. Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara gyara zama a tsakaninsu. Sai ya juyo ya dube ni.

"Kai kuma, mai safa, sauka."

"Ni me na yi? Abin da safa ta ce na faɗa."

"Gaba na masu gaskiya ne. Patch, shigo!"

Na dubi yayata ko za ta sa baki. Ta ce ai gidan ba nisa, in ja hulata ta rufe kunnuwa. Haka na koma gida a bayan a-kori-kura, ina rungume da gwiwoyina, iskar duwatsu tana yanka mini fuska. Ta gilashin baya ina hango kare zaune a wurina, su biyun kuma suna ta dariya. Neville bai bi gajeriyar hanya ba, sai da ya zagaya da ni ta tsakiyar gari yana danna wa duk wanda ya sani ham.