Hannun Mai Wanki

Shekara biyu Auta ta yi tana wanke ƙafafun mutane a shagon gyaran farce. Ita ce ɗebo ruwan ɗumi, ita ce goge kaushi, ita ce share ƙurar farce da ke taruwa ƙarƙashin tebura. Teburan uku ne, kowanne da fitilarsa, kuma ba mai zama a kansu sai mai lasisi. Mai shagon, wadda kowa ke ce wa Anti, ta rataye nata a bango cikin gilashi, daidai inda duk wanda ya shigo sai ya gani.

Da mai teburin bakin taga ta bar aiki, Anti ta kira Auta gefe.

"Zan riƙe miki shi zuwa ƙarshen wata," in ji ta. "Kin kawo takarda, naki ne. Ba ki kawo ba, ga 'yar ƙanwata can tana jira da tata a hannu. Kar gobe ki ce ban faɗa miki ba."

Jarrabawar rubutu Auta ta riga ta ci. Saura ta aiki, wadda ake yi a gaban malamai. Kowa zai zo da mutumin da zai yi wa gyara, yatsa goma lafiyayyu, ba ciwo ba tsagewa. In suka ga fata a buɗe, tun daga ƙofa za su juya ki, sai kuma bayan wata huɗu.

To wa za ta kai? Tsinke, abokiyar aikinta, ta miƙo hannu tana dariya.

"Ga nawa in kina so. Amma in kika ɓare farcen robar nan, abin da ke ƙasa ɓawon albasa ya fi shi kauri."

Ko da na kirki ne ma, Anti ba za ta saki mutum biyu ranar Asabar ba, ranar da za a yi jarrabawar. Yayar Auta kuwa tana wani gari da jariri a hannu. Aka duba aka duba, ba kowa sai Inna, mahaifiyarta.

Ita Inna wanki take yi. Zannuwan gado da tawul na wani ƙaramin masauki a bayan layinsu, shekara goma sha tara tana yi, da garin sabulu da ruwan bilic. Da wannan wankin aka yi wa Auta makaranta, da shi aka sayi akwatin kayan aikinta. Hannun ya nuna. Tafin kamar bayan tukunya, gefen yatsun duk ya daddare, farcen kuwa gajeru masu kauri, ba su taɓa sanin wani abu wai shi jan farce ba.

"Kwana goma kawai, Inna," in ji Auta. "Kar ki taɓa sabulu, kar ki taɓa bilic."

"Zannuwan fa? Aljanu za su wanke?"

"Na yi magana da maƙwabciya, ta ce za ta karɓa."

Dole ma ta karɓa. Lokacin da ɗanta ya karye a ƙafa, Inna ce ta yi mata zaman jinya mako guda cur a asibiti, a kan benci, ba ta ce ta gaji ba.

Haka aka fara. Kullum in Auta ta dawo da yamma sai ta zaunar da Inna a bakin gado, ta jiƙa hannun, ta shafe shi da mai, ta zura masa safa.

"Safar ƙafa a hannu," in ji Inna tana jujjuya su. "Da tsufana kin mayar da ni abin kallo. In ƙaiƙayi ya kama ni wa zai sosa mini?"

"Ki kira ni."

"Oh, yau ni ce da 'yar aiki. Ashe da rabon in ɗana."

Kwana biyar, fatar ta fara laushi. Kwana bakwai, tsagun suka haɗe. Auta ta riƙa zuwa aiki da ƙarfinta, tana satar kallon teburin bakin taga, har ta zaɓi inda za ta jera kwalabenta.

Ranar jarrabawa da safe ta zare safar, ta kai hannun kusa da taga don ta yi masa kallon ƙarshe. A gefen babban yatsan dama, daidai inda fata ta haɗu da farce, ga tsaga sabuwa, siririya, bakinta ja. Ta kai yatsan kusa da hancinta. Duk man da ta shafa bai ɓoye warin bilic ba.

"Inna."

"Na'am."

"Wanki kika yi."

Inna ta kau da kai. "Maƙwabciyar taki kwana shida ta yi, ta ce bayanta ya riƙe. Mai masauki ya aiko wai in ba zan iya ba akwai mai so. Sai in zauna ina kallon hannu? Da rana nake yi, kina shago. Na ma sa leda."

"Leda, Inna?"

"To me zan sa? Jiya ne ta fashe."

Auta ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba, don babu lokacinsa, saura awa biyu. Sai ta tuna abin da Tsinke ke yi in magogin farce ya yanke ta ana tsakiyar aiki: ta ɗiga gam ɗin da ake manna farcen roba, ta matse, ta ci gaba. Ba a koyar da wannan a makaranta, hanawa ma ake yi. Amma duk mai wannan sana'a ta san shi.

Ta ɗauko kwalbar. Ta ɗiga, ta matse bakin tsagar da yatsa biyu. Inna ta ja iska ta haƙori.

"Da zafi?"

"Yi aikinki."

Da ya bushe ta bi kansa da magogi mai laushi har ya daina ƙyalli, ta shafa mai. Sai wanda ya san da shi zai gane.

Ɗakin jarrabawar dogo ne, tebura goma sha biyu a jere, agogo a bango. A bakin ƙofa wata malama mai tabarau ta juya hannun Inna ciki da baya.

"Mama, wane aiki kike yi?"

"Zaman gida, 'yata. Hutu nake ci."

Malamar ta ɗan dube ta, ta yi alama a takarda, ta ce su wuce.

Aka ce a fara. Nan fa hannun Auta ya nuna shekara biyun nan ba a banza ta yi su ba. Ta wanke nata, ta jera kaya a kan farin tawul, ta daidaita farcen ɗaya bayan ɗaya, ta jiƙa yatsun a ruwan ɗumi, ta tura fatar gindin farce a hankali. Malamar ta wuce sau biyu, ta tsaya, ta gyaɗa kai. Inna ta zauna ƙiƙam kamar za a ɗauke ta hoto, sai idonta da ke yawo.

"Waccan ta kusa da mu ta zubar da ruwa," ta raɗa.

"Inna, ba a magana."

Aka zo shafa jan farce. Ja ake sa kowa ya shafa a jarrabawa, ja wur, don shi ne ba ya rufa wa kuskure asiri. Auta ta fara daga ƙaramin yatsan dama. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, sumul, ko ɗigo bai taɓa fata ba. Ta kamo babban yatsan. Kafin burushin ya sauka, sai ta ga maiƙon da ta shafa da safe ya taru a gefen farcen, kuma jan ba ya kama kan maiƙo. Hannunta ya riga tunaninta. Ta ɗauki auduga, ta jiƙa da ruwan goge jan farce, ta share gefen, yadda ta yi sau dubu a shago.

Ruwan nan kuwa da shi ake narkar da gam. Ranar farko a makaranta ake faɗa.

Inna ba ta motsa ba, ko fuskarta ba ta canja ba. Ƙafarta ce kawai ta danne ta Auta a ƙarƙashin tebur. Gam ɗin ya ɗago kamar ɓawon gyambo, tsagar ta buɗe, jini ya tsattsafo ya kwanta a gefen farcen.

Malamar na can tebur na uku, ta juya baya.

"Shafa jan a kai," Inna ta raɗa, leɓenta ko motsi ba ya yi. "Ja da ja, wa zai bambance?"

"Zai shiga ciwon, Inna."

"Bilic ma ya shiga shekara goma sha tara. Shafa."

Burushin na hannun Auta, ɗigon ja na lilo a bakinsa. Shafa ɗaya ne, daga gindi zuwa baki, a ɗan karkata gefe. A ranta ta ga teburin bakin taga, ta ga 'yar ƙanwar Anti zaune a kai. Ta kuma ji ƙafar Inna tana rawa a kan tata, don ruwan yana cinta har yanzu.

Ta mayar da burushin kwalba, ta ɗaga hannu.

Malamar ta zo. Auta ta yi duk abin da aka koya mata in an ga jini, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta sa safar hannu, ta wanke wurin, ta sa magani, ta manna filasta, ta ƙulle audugar a leda biyu. Malamar na tsaye tana rubutu.

"Ke kika yanke ta, ko da shi ta zo?"

Tambayar da nauyi. In yanka ne a wurin aiki, maki kaɗan za a cire, a ci gaba.

"Ita ta yanke ni, Malama," in ji Inna da sauri. "Yanzun nan. Yarinya ce, hannunta rawa yake."

Malamar ta sunkuya kan teburin. Ta sa bakin biro ta juya wani ɗan abu mai sheƙi a kan farin tawul, ɓarɓashin busasshen gam, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ita ma ai ta yi zaman shago kafin ta zama malama. Ta dubi Auta ta saman tabarau tana jira.

"Da shi ta zo," in ji Auta. "Ni na sa gam."

"Na sani. Da kin ce ba haka ba, da dakatarwar shekara guda zan rubuta miki." Ta rufe biron. "Hannunki na da kyau, ban ga kamarsa ba yau. Haɗa kayanki. Bayan wata huɗu ki dawo da hannun da ba ciwo."

A wurin jiran mota Auta ta kira Anti ta faɗa mata. Anti ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta ce ranar Litinin ta zo da wuri, baho biyu na jiran wanki kuma 'yar ƙanwarta za ta so a goge mata teburin.

Suka zauna a benci, akwatin na tsakaninsu.

"Da kin shafa," in ji Inna.

"Da ba ki yi wankin ba."

"Da ban yi ba, me za ki ci ki je jarrabawar?"

Mota ta zo cike, ta wuce.

"Ni zan riƙa yin wankin," in ji Auta can. "Kafin in tafi shago."

"Da wane hannun? Naki ma ai dubawa suke yi. Mu taru mu biyu a kore mu daga ƙofa?"

Auta ta buɗe akwatin, ta ciro safar hannu ta roba guda biyu, ta ajiye a cinyar Inna. Inna ta ɗaga ɗaya, ta ja ta, ta taɓe baki, amma ta cusa a jaka. Sannan Auta ta ɗauko auduga.

"Kawo in goge miki. Mutane na kallo."

Inna ta miƙe hannun dama a rana. Farce huɗu ja wur suna ƙyalli, na biyar da filasta. Ta daɗe tana kallonsu, tana karkata su, sai ta janye hannun ta ɗora a cinya.

"Bar mini kayana," in ji ta. "Saura shida. Ina binki."