Kyanwar da Ke Tattaka Cinyar Inno

Lubna ta dawo Birchi hutu daga jami'ar Dutsin-Ma, inda take karatun kiwon dabbobi, ta tarar da buhu a ninke kan babur ɗin mahaifinta Mamuda. Ƙannenta suka gaya mata na kyanwar Inno ne. Gobe kasuwar Kurfi, za a kai ta can a yar.

Laifin kyanwar ɗaya ne. Kakarsu Inno ta yi zazzaɓin kwana uku, wata mai zuwa dubiya ta ga kyanwar a kan cinyarta tana tattakawa da ƙafafun gaba, dama, hagu, dama, hagu, sai ta ce ai kabari take haƙa mata. Shi ke nan gida ya ɗauka. Mutum goma sha ɗaya a gidan nan, babu wanda ya tsaya ya tambayi dalili. Kwatar da ke tara sauro a bayan ɗakin Inno kuwa tana nan tun bara, ba wanda ya ɗauki fartanya.

Lubna ta sami Inno a kan tabarma, ta warware, sai dai ba ta taɓa furarta ba.

"Tsohuwa, an ce an fara yi miki gini."

"Ke za ki riga ni shiga, marar kunya." Inno ta yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. "Shekara huɗu muna tare da ita. Amma tunda mai gidan ya yanke, me zan ce?" Ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa.

Lubna ta san in ta ɗauko littafi, Baba zai ce boko ya hau mata kai. Sai ta bi kyanwar a hankali har ƙarƙashin rumbun gero, ta leƙa, ta dawo.

"Baba, don Allah zo ka ga wani abu."

Mamuda ya durƙusa yana ƙorafin gwiwa. Kyanwar na kwance a inuwa, 'ya'ya uku da ko ido ba su gama buɗewa ba suna manne da cikinta. Kowanne na tsotso yana matsa nonon da 'yan ƙafafunsa, dama, hagu.

"Su ma kabarin uwarsu suke haƙawa?"

Ya ƙara sunkuyawa yana kallo, Lubna ta ci gaba.

"Haka suke sa nono ya kawo, kamar yadda ɗan akuya ke tunkuɗar hantsa. In sun girma ba sa mantawa. Duk inda suka sami kwanciyar hankali sai ƙafar ta tuna."

Inno ta iso da sandarta, ta ji ƙarshen maganar. "To ai ni na shayar da ita. Uwarta ta faɗa rijiya, na riƙa jiƙa tsumma da nonon akuya ina ba ta a kan cinyar nan." Ta girgiza kai. "Ashe nono take nema wurin wadda ta yi yaye tun shekara arba'in."

Mamuda ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. Washegari buhun ya tafi Kurfi cike da gyaɗa.

Da hantsi kyanwar ta fito, ta hau cinyar Inno ta kama aikinta, ido a lumshe. Inno na shan fura da hannu ɗaya, ɗayan a bayan kyanwar. Lubna kuwa ta ɗauki fartanya ta nufi kwata.